Hoton Da A Ke Yi Da Lissafi

Jawabinmu na yau a kan wani hoto ne na asibiti wanda waɗansu ke jin tsoronsa, waɗansu kuma ke jin tsoron kuɗinsa. Shi ne wanda ku ke kira hoton ƙwaƙwalwa, ma'aikatan asibiti kuwa su ce siti sikan. Zan gaya muku yadda a ke yinsa, da wanda ya kamata a kai, da abin da za ku yi in an tura ku. Wanda ya iya karatu, in takardar jawabin nan ta zo hannunsa a ɗakin magani, ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne, bara da kaka, bayan an gama kai amfanin gona gida, aka kawo mini wani saurayi ɗakin maganinmu. Ya faɗo daga kan babur yana komowa daga kasuwar Ɗambatta, ba hular kwano a kansa. Ya suma na ɗan lokaci, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ya tashi da ƙafarsa, har yana yi wa abokansa ba'a. Ba jini ko ɗigo, sai ɗan kumburi a gefen kai, bisa kunne. Da la'asar ya soma kukan ciwon kai. Kafin magariba ya yi amai sau uku, ya shiga gyangyaɗi, in an kira sunansa sai ya amsa da ƙyar. Na haska idanunsa da tocila, na ga baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi na ɗayan buɗewa.

Na ce da mahaifinsa, "Baba, yaron nan sai Kano, yanzu yanzu, a yi masa hoton kai."

Tsohon ya dube ni, ya ce, "Malam, kai ai ƙwarya ce rufaffiya. Wa zai ga cikinta ba a fasa ba? Ka dai yi masa allura mu koma gida, gobe wanzami ya yi masa ƙaho."

Tambayar tsohon nan ta mai hankali ce. A wannan maraice ba lokacin doguwar magana, don haka ban amsa masa yadda ya kamata ba. Yau zan amsa masa, in amsa wa duk mai irin tambayarsa.

HOTON INUWA

Da yawa cikinku kun san hoton ƙashi, watau eksire, wanda a ke yi wa mai karaya ko mai tari. A shekarar 1895 wani malamin jami'a a garin Wurzburg na ƙasar Jamus, mai suna Wilhelm Rontgen, ya gano wani irin haske wanda ido ba ya gani. Hasken yana ratsa fata da tsoka, amma ƙashi yana tare mafi yawansa. Ya haska hannun matarsa, sai ga ƙasusuwan yatsunta da zobenta sun fito a hoto.

To, wannan hoto inuwa ce. In mutum uku suka jeru bayan labule, wannan bayan wannan, aka kunna fitila a bayansu, inuwarsu haɗuwa za ta yi, ba za ka san wane ne gaba, wane ne baya ba. Haka ya ke ga kan mutum. Ƙoƙon kai ƙashi ne ta kowane gefe, ƙwaƙwalwa da jini kuwa dukansu masu taushi ne, inuwarsu kusan ɗaya ce. Saboda haka in hoton ƙashi a ke nufi, tsohon nan ya yi gaskiya, ba zai nuna jinin da ya taru cikin kai ba.

Siti sikan dabararsa dabam. A kan kwantar da mutum a wani siririn gado, gadon ya shiga cikin wani ƙaton zobe, kamar bakin rijiya da aka ta da shi tsaye. Cikin zoben akwai fitilar eksire a gefe ɗaya, akwai ma'auni a gefen da ke fuskantarta, suna zagaya mutum tare. Duk inda tsinken haske ya ratsa kai ya fita, ma'aunin ya kan auna nawa ya ragu a hanya. In ya bi ta ƙashi ya ragu da yawa. In ya bi ta iska kusan bai ragu ba. Gudan jini kuwa ya ɗan fi ƙwaƙwalwa tare haske.

Ku lura da wannan da kyau: injin ba ya ganin kome. Abin da ya ke samu lambobi ne zalla, dubu bisa dubu. Kowace lamba kuwa jimla ce ta duk abin da hasken ya ratsa tun daga shigarsa har fitarsa. Injin lissafi, watau kwamfuta, shi ke mai da lambobin nan hoto, ya nuna wa likita kan mutum yanki yanki, kamar yankan kuɓewa, ba tare da wuƙa ta taɓa shi ba. Yaya a ke haka? Ga misali daga gidajenmu.

RUMBU HUƊU

Ku samo tsakuwa ko ƙwallon dabino ku gwada wannan a ƙasa. A wani gida akwai rumbu huɗu, biyu a gaba, biyu a baya. A gaba, na uwargida yana hagu, na amarya yana dama. A baya, na ƙanen maigida yana hagu, na maigida yana dama. An hana ka leƙa ko ɗaya. Amma akwai wani yaron gida, in ka nuna masa rumbu biyu da ke layi ɗaya, zai gaya maka damin gero nawa ke cikinsu in an haɗa. Ba zai rarrabe maka ba.

Ya ce layin gaba dami 30, layin baya dami 70. Ka san ke nan dukansu dami 100 ne. Tun da ba ka san kome ba tukuna, sai ka yi kirdado ka ba kowane rumbu 25. To, kirdadonka ya ba layin gaba 50, alhali 30 aka ce. Sai ka rage wa kowanne goma, su koma 15 da 15. Ya ba layin baya 50, alhali 70 aka ce. Sai ka ƙara wa kowanne goma, su zama 35 da 35.

Sa'an nan ka zaga ta gefe. Yaro ya ce layin hagu, watau na uwargida da na ƙane, dami 40 ne. Layin dama, na amarya da na maigida, dami 60. Naka lissafin ya ba kowane layi 50. Sai ka rage wa na hagu biyar biyar, ka ƙara wa na dama biyar biyar. Yanzu uwargida 10, amarya 20, ƙane 30, maigida 40. In ka duba, duk abin da yaron ya faɗa ya yi daidai da wannan.

Amma da za ka tsaya nan ka fita kana ba da labari, da ka haɗa rigima a gidan mutane, gama ka ce an fifita amarya. Ashe da saura. Ka koma kusurwa ka duba a karkace. Yaro ya ce na uwargida da na maigida dami 60, na amarya da na ƙane dami 40. Naka ya ba kowanne 50. Ka sake gyara biyar biyar. Sai ga shi: uwargida 15, amarya 15, ƙane 25, maigida 45. Ashe maigida ya yi adalci. Ka san abin da ke cikin kowane rumbu, ba ka kuwa ɗaga jinkar ko ɗaya ba.

Asirin ke nan dukansa: a yi kirdado, a gwada da awo, a gyara, a sake gwadawa. Akwai kuma darasi biyu a ciki. Na farko, duba ta fuska ɗaya ko biyu bai isa ba, dalili ke nan injin ya ke zagaya mutum. Na biyu, da wani ya kwashi dami biyar daga rumbun nan ya kai wancan kana tsakiyar tambaya, da lissafinka ya rushe. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

WAƊANDA SUKA SAMO DABARAR

Ba a asibiti aka fara wannan aiki ba, a kan allo aka fara shi, a jami'o'i. A shekarar 1917 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Ostiriya, Johann Radon, ya tabbatar a rubuce cewa in aka san jimlar kowane layi da ya ratsa abu ta kowace fuska, ana iya sanin abin da ke kowane wuri a cikinsa. Bai yi don majinyata ba, lissafi kurum ya ke yi. A 1937 wani ɗan ƙasar Polan, Stefan Kaczmarz, ya rubuta hanyar gyara layi bayan layi, irin wadda muka bi a rumbunan nan.

A 1956 wani malamin jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu, Allan Cormack, yana taimaka wa asibitin Groote Schuur, ya ga bukatar sanin yadda hasken eksire ke raguwa a kowane sashe na cikin jiki. Ya koma jami'ar Tufts a Amurka, ya ci gaba da bincike, ya buga sakamakonsa a 1963 da 1964. Kusan ba wanda ya kula shi a lokacin.

Wanda ya ƙera injin shi ne Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, wanda ko digirin jami'a ba shi da shi. A gwajinsa na farko, awo kaɗai ya ci kwana tara, lissafi kuma ya ci awa biyu da rabi. Har ƙwaƙwalwar shanu ya riƙa samowa daga mahauta yana gwadawa. Ran 1 ga Oktoba 1971 aka yi wa majinyaciya ta farko wannan hoto a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, aka ga ciwon da ke cikin ƙwaƙwalwarta. Shekara 54 ke nan bayan rubutun Radon. A 1979 aka ba Cormack da Hounsfield lambar girma ta Nobel.

Injin nan na farko ya kan tsaya a fuska 180, a kowace fuska ya yi awo 160, jimla awo 28,800. Ya raba yanki ɗaya na kai gida 80 a tsaye, 80 a kwance, watau rumbu 6,400 maimakon huɗu namu. Na zamanin yanzu ya kan raba yanki ɗaya gida 512 a tsaye, 512 a kwance, watau 262,144, yana zagaya mutum cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, yana kuma fitar da yanki ɗari ko ɗaruruwa.

AWO BA YA RASA KUSKURE

Yaron gidan da muka yi misali da shi bai yi kuskure ba ko sau ɗaya. Injin asibiti ba haka ya ke ba. Kowane awo nasa yana ɗauke da ɗan kuskure, kamar yadda mudun wannan mai awo da na wancan ba su cika zama ɗaya cif ba. Saboda haka ba wani hoto da zai yi daidai da awon duka. Abin da a ke nema shi ne hoton da ya fi kowanne kusa, wanda saɓaninsa da awo ya fi ƙanƙanta. Neman wannan wani fanni ne mai zaman kansa a jami'o'i, akwai masanan da ba su da aiki sai shi.

Ya yi kama da ciniki a kara. Mai saye ya taya sa, mai sa ya ce albarka, dillali ya ce a ƙara, wancan ya rage, har su haɗu a inda kowa zai iya sallamawa. Gwanin dillali shi ne wanda ya san nawa za a ƙara a kowane tayi, kada a yi ta ƙara sisi sisi har kasuwa ta tashi, kada kuma a yi tsalle a wuce farashi. Masanan nan hanyar da ta fi gajarta zuwa sallama su ke nema.

Gwanin dillali kuma ya san kimar sa tun kafin a taya. Haka masana suka koya wa kwamfuta abin da aka riga aka sani game da jikin ɗan Adam: hanta wuri ɗaya ta ke, ƙashi yana da iyaka, jiki ba watsattsen gero ba ne. In hoto biyu suka yi kunnen doki wajen dacewa da awo, sai ta ɗauki wanda ya fi kama da jikin mutum. A 2007 Michael Lustig da David Donoho da John Pauly na jami'ar Stanford a Amurka suka nuna cewa da irin wannan sani, wani injin hoto mai aiki da maganaɗisu, wanda a ke kira em-ar-ai, yana iya fitar da hoto mai kyau da awo kaɗan. Amfaninsa shi ne a rage wa majinyaci tsawon kwanciya cikin injin, musamman yaro wanda ba ya iya zama shiru.

GAYYA

Hanyar nan ta kirdado da gyara tana da aibi ɗaya, tana cin lokaci ƙwarai. Hounsfield ya fara da ita, amma ba a daɗe ba aka ajiye ta, aka koma wata hanya mai sauri wadda ke lissafi sau ɗaya tak. Ita kuwa mai saurin, in hasken ya yi kaɗan sai hoto ya fito da dishi-dishi. Hasken eksire kuma ba abin wasa ba ne, yawansa a jiki yana iya ƙara haɗarin ciwon daji a gaba, ko da ya ke haɗarin hoto ɗaya ƙanƙane ne. Likitoci suna son a rage hasken, injin lissafi kuwa ya kasa sauri. Me ya warware wannan? Gayya.

Ku manoma kun fi ni sanin gayya. Gonar da mutum ɗaya zai yi kwana ashirin yana nomewa, in majiya ƙarfi arba'in suka shiga, kowa ya kama kunyarsa, kafin azahar an fita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To, masana suka ce, maimakon injin lissafi guda ya bi layi dubu ɗari ɗaya bayan ɗaya, a tara ƙananan masu lissafi dubbai a kan ɗan allo guda, kowanne a ba shi nasa layukan, su yi a lokaci ɗaya. Abin mamaki, allunan nan an fara ƙera su ne domin wasannin kwamfuta na samari. Daga wajen 2007 masu bincike suka shiga amfani da su sosai wajen lissafi mai nauyi. Da ƙarfin injunan lissafi ya ƙaru, daga wajen 2009 hanyar kirdado da gyara ta komo cikin injunan asibiti, aka sami halin rage hasken da ke shiga jikin majinyaci.

Kada ku zaci tara mutane kaɗai ne gayya. Sai da sarkin gayya mai raba kunya, don kada mutum biyu su taru a kunya ɗaya, wata kuma a bar ta da ciyawa. In ɗaya ya makara, sauran sai su tsaya jiransa a bakin gona. Akwai kuma aikin da ba ya rabuwa. In ana haƙa rijiya, ko mutum ɗari suka zo, ɗaya ne ko biyu za su shiga ƙasa, sauran sai jan guga. Haka a lissafin nan, ba a fara gyara na biyu sai an haɗa sakamakon na farko. Sanin abin da zai rabu da wanda ba zai rabu ba, da yadda za a rage jiran juna, shi ne babban abin da masu binciken ke fama da shi.

ABIN DA YA ISO ƘAUYUKANMU

Wani zai ce, wannan duk labarin Turai ne, ina ruwan mutumin Makoɗa ko Kunci ko Tsanyawa? Da ruwansa. Injin siti akwai shi a manyan asibitocin birnin Kano, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, inda ɗaliban likita na Jami'ar Bayero ke koyon aiki.

Akwai kuma wani reshe na wannan ilimi da ya zo har ƙofar gida. Ƙasarmu ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, masu iya karanta hoton ƙirji kuwa ba su da yawa. Masu bincike, kamar na jami'ar Radboud a ƙasar Holan, sun koya wa kwamfuta duba hoton ƙirji ta wannan hanya ta kirdado da gyara: a nuna mata hotuna dubbai, ta faɗi nata, a gyara mata, har ta gwanance. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi amfani da ita wajen tace masu shekara 15 zuwa sama. Ƙungiyar KNCV mai yaƙi da tarin fuka ta yi aiki da irinta a Jihar Kano, cikin mota mai ɗauke da injin hoto. Amma ku sani, kwamfuta zato kurum ta ke yi. In ta yi zato a kanka, sai an auna majinarka kafin a tabbatar. Wanda ya yi mako biyu yana tari ya zo ɗakin magani. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati, a kan sha shi wata shida ba fashi.

WA ZA A KAI DA GAGGAWA?

In mutum ya bugu a ka, ko daga babur, ko daga bishiya, ko bugun sa, ko faɗuwa a bakin rijiya, ku lura da shi sosai kwana biyu. Kada tashinsa da ƙafarsa ya ruɗe ku, gama jini ya kan tsiyaya a hankali cikin ƙoƙon kai, ba shi da hanyar fita, sai ya danne ƙwaƙwalwa. Ku kawo shi nan da nan in ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya rinjaye shi har tashinsa ya yi wuya, ko ya rikice bai san inda ya ke ba, ko ya yi farfaɗiya, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko jini ko ruwa garai yana fita ta kunne ko hanci. Tsoho kuwa, ko ɗan bugu kaɗan ne, alamun su kan ɓoya har makonni, a ga ya soma mantuwa da tangaɗi, a ce tsufa ne, alhali jini ne.

Wajen ɗaukarsa, kada a murɗa masa wuya. A kwantar da shi a ƙyaure ko katako, a tallafi kai. In zai yi amai a juya shi ta gefe, kai da jiki tare. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu yana cikin magagi, zai shaƙe. Kada a yi ƙaho, ƙaho ba ya ratsa ƙashi. A nemi mota, kada a goya shi a babur.

Haka kuma wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko harshensa ya yi nauyi, ko ɓarin jikinsa ya shanye. Wannan ciwo iri biyu ne: ko jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko ta fashe. A ido kamarsu ɗaya, maganinsu kuwa ya saɓa, har abin da ke taimakon wannan yana iya kashe wancan. Hoton nan ne ke rarrabewa. Saboda haka kada a sayo masa asfirin a kemis kafin likita ya gani.

IN AN TURA KU

Na ɗaya, ku tafi ranar da aka ce, da takardar da muka ba ku. Na san kuɗin hoton ba kaɗan ba ne ga talaka, ga kuɗin mota. Dangi su haɗa kai a kan hanya, kada a zauna jiran ranar kasuwa.

Na biyu, ku gaya wa mai ɗaukar hoto gaskiya. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa tun kafin ta hau gado. Sikanin ciki da a ke yi wa masu juna biyu wani abu ne dabam, da sauti ya ke aiki, ba hasken eksire a cikinsa, kada ta ji tsoronsa. Wani lokaci a kan yi wa mutum allurar wani ruwa don jijiyoyi su fito sosai. Mai ciwon ƙoda, ko wanda irin allurar ta taɓa tayar masa da ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi, ya faɗa.

Na uku, a cire ɗan kunne da sarƙa da laya da duk wani ƙarfe da ke kusa da wurin da za a ɗauka. Mai haƙorin Makka ya faɗa. Ƙarfe yana tare haske ƙwarai, ya ɓata lissafin layukan da suka bi ta kansa.

Na huɗu, ku kwanta shiru. Kun tuna mai kwasar dami ana tsakiyar tambaya? Motsin kai haka ya ke. In an ce ka riƙe numfashi, ka riƙe. Ba zafi, injin ba ya taɓa ka, ƙara kurum za ka ji, cikin 'yan mintoci an gama.

Na biyar, hoto ba magani ba ne. Na ga wanda aka yi masa ya koma gida ya ce ya ji sauƙi, bai ko kai wa likita ba. Ku kai hoton da takardar bayaninsa wurin likitan da ya tura ku. Bayan haka ku adana su cikin ambulan, nesa da rana da laima, ku riƙa zuwa da su, don kada a sake yin wanda aka riga aka yi.

Na shida, kada ku matsa wa likita ya yi muku hoto don kowane ciwon kai. Hasken da ke cikin siti ya ninka na hoton ƙirji sau da yawa, yara kuwa sun fi manya jin tasirinsa. In likita ya ce a yi, amfaninsa ya fi haɗarinsa nesa ba kusa ba. In ya ce ba bukata, ku yarda, kuɗinku ya huta.

Saurayin nan da na fara ba ku labarinsa, Allah ya sa kawunsa yana wurin, ya ce a tafi, shi zai sayar da ragonsa ya biya. Suka isa birni da dare. Hoto ya nuna jini ya taru ƙarƙashin ƙashi daidai wurin kumburin, ya tura ƙwaƙwalwa gefe. A daren aka buɗe aka kwashe shi. Da daminar bana na wuce shi a gonarsu yana huɗa. Amma a watan da aka kawo shi, an kawo mini wani mai irin ciwonsa a kwana na uku, bayan an yi ƙaho an yi turare. Muka sa shi a mota, bai kai birni ba. Allah ya jiƙansa.

Saboda haka, samari, ku sa hular kwano in za ku hau babur, ku ɗaure maɗaurinta. Iyaye, in aka bugu a ka, ku lura da alamun da na lissafa, ku zo da wuri. Mai tambaya ya kawo ta ɗakin magani, za mu amsa gwargwadon saninmu. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan hawan jini. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Ku huta lafiya.